Bulo a Cikin Kula

Ranar nan ina ƙulla leda a tsakar gida, ƙanina Lawali da abokansa suka shigo shan ruwa. Ɗaya daga cikinsu, wani mai kunnuwa kamar faifai, ya tsaya yana kallona ya ce, "Wai Balki, wannan ma sana'a ce? Ruwa na famfo, sanyi na firigo, ke kuma karɓar kuɗi." Sauran suka fashe da dariya. Na so in jefe shi da ƙanƙara, sai na tuna ƙanƙara tana da mai saye, kansa kuwa ba ya da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don shi da ire-irensa. Shekaruna goma sha bakwai, amma a sana'ar ƙanƙara ni tsohuwa ce tukuf. Da sana'a tana sa furfura, da tuni kaina ya zama auduga.

Tun ina ƙaramin aji a lakwal, wato makarantar boko, Inna ta fara koya mini, kuma da ƙulli aka fara. Ledar doguwa ce siririya. Za ka zuba ruwa, ba har baki ba, domin ruwa yana kumbura in ya daskare. Ka matse iskar da ke sama da yatsu biyu, ka murɗe, ka zarge, ka ja. In ka bar iska, ƙanƙarar za ta fito da rami kamar haƙorin tsohuwa, mai saye ya ce an cuce shi. In ka cika da yawa, ledar ta fashe, ta manne da 'yan uwanta, gobe ka tarar da dutse guda wanda ko jaki ba ya ɗauka. Da na fara, duk abin da na ƙulla sai ya yi yoyo. Inna takan ɗaga ledar sama, ruwa na ɗiga a goshinta, ta ce, "Wanga ƙulli naki, ko kaza ta kwance shi." Yau ina ƙulli ido rufe, ina gardama da Lawali, ina korar akuya da ƙafa.

Ruwan ma ba daga famfo ake tara shi a ƙulla ba. Ruwan famfon garinmu Dutsi da rana ana iya dafa ƙwai da shi. Sai ya kwana a randa ya huce tukuna, in ba haka ba firigo ya wahala. Jerin ma da iliminsa: sabon ƙulli ƙasa da gefe inda sanyi ya fi ƙarfi, wanda ya kusa kamawa sama, zobo da lemun tsamiya can kusurwa don kada jansu ya ɓata farar ƙanƙara.

Firigonmu irin dogon nan ne na kwance, mai murfi a sama. Inna ta saye shi na hannu, da kuɗin adashe da awakinta, aka kawo shi a amalanke, unguwa duka ta fito kallo kamar an kawo amarya. A gidanmu Hajiya muke ce masa, saboda yana da ɗakinsa shi kaɗai, ana shafe shi safe da yamma, kuma ba mai zama a kansa. Babanmu yana Abijan wurin nema, yana aiko abin da ya samu in ya samu. Tuwon kullum kuwa, da sabulu, da littattafan lakwal, daga cikin Hajiya suke fitowa.

Ranar da na fara kankare firigon ba zan manta ba. Sanyi yakan taru a jikin bangonsa ya yi kauri, sai an kankare. Akwai wata muciya da Inna ta ware don haka, amma ni na ga muciya jinkiri ce, na ɗauko wuƙar yanka albasa. Na kai sara ɗaya ke nan, sai na ji ni a sama. Inna ce ta ɗauke ni da kunne. Ta ce a bayan bangon nan akwai siririn bututu mai ɗauke da iskar sanyi, in wuƙa ta huda shi Hajiya ta mutu, mu ma mu bi ta. Kunnena na hagu har yau ya fi na dama tsawo. Duk mai shakka ya zo ya gwada.

Daga firigo sai kula, akwatin robar nan mai riƙe sanyi. Tamu shuɗiya ce babba, murfinta ya tsage an ɗaure shi da robar taya. Ana shimfiɗa buhun garara a ƙasa, a jera ƙanƙara, a rufe da wani buhun, kuma ba a buɗewa sai da dalili, domin duk buɗewa ɗaya rana tana ɗibar rabonta. Ni nake ɗaukar ta zuwa tasha kafin in wuce lakwal, Inna ta zauna da ita, in an tashi in karɓe ta.

Masu saye kala-kala ne. Direban babbar mota ba ya ciniki, ya karɓa ya ɗora a wuya ya lumshe ido. Ɗan kabu-kabu sai ya latsa leda biyar da hannunsa mai baƙin mai kafin ya zaɓi ta farko. Matan da ke cikin motar Yamai ko ta Ƙwanni suna miƙo hannu ta taga, motar na tafiya kina gudu kina neman canji. Akwai kuma mai cewa, "Ba ni in taɓa in ji ko da sanyi." Ƙanƙara ce fa, bawan Allah.

Abin da ya fi kula da buhu daraja shi ne wurin zama. Namu yana gindin itacen bedi, wato dogon yaro, daidai inda motoci ke tsayawa, inuwa tun hantsi har la'asar. A tasha ba a sayen wuri, ba a haya, zama ne ke riƙe shi. In ka daina zuwa aka ga wurin wayam, Baba Gado sarkin tasha ya ba wani, ba wanda zai ce ya yi zalunci. Zali mai awara ta daɗe tana zaune cikin rana tana kallon inuwarmu kamar yadda kyanwa ke kallon kifi.

Sai shekarar da aka rufe iyaka, wuta ta lalace, domin daga tsallaken iyakar take zuwa mana. Duk wanda ke Dutsi ya san ta. Wutar takan leƙo kamar baƙuwa mai sauri, kafin ka ce mata sannu da zuwa ta tafi. Ƙanƙara kuwa tana son wuta mai zama. Mukan ƙulla ruwa da yamma, da safe mu tarar da ruwa, sai dai ya ɗan yi sanyi kamar na randa. Zobo ya yi tsami, muka sha har haƙoranmu suka mutu. A ƙarshe Inna ta zare wayar daga bango, ta shafe Hajiya, ta rufe ɗakin. A duk unguwa mutum ɗaya ne ke da ƙanƙara, Alhaji Na-Allah mai pano, wanda ya shimfiɗa faifan hasken rana a rufin gidansa, kuma yaransa ke sayar masa.

Washegari na ɗauka hutu ya samu. Sai na ji Inna ta ce, "Tashi ki ɗauki kula."

Na ce, "Inna, mi za mu sa ciki?"

Ta ce, "Ba abin da ya shafe ki. Wuri za mu tsarewa. Kuma ban son kowa ya ji daga bakinki. Mai sana'a ba ya cewa ya faɗi."

Haka muka fara zuwa tasha da kula wayam. Inna ta zauna a gindin bedi, ta ɗora hannu a kan murfi. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi ƙanƙara, sai ta ce, "Ayya, ta ƙare tun da safe." In an ce ya kasuwa, ta ce alhamdu lillahi. Ba ta taɓa cewa muna da wuta ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba mu da ita ba.

Matsalar ita ce kula wayam ba ta da nauyi. Ranar farko iska ta kusa ɗauke ta daga kaina, na ga Zali ta ƙanƙance ido. Don haka na samo bulon siminti a bayan gida, na naɗe shi da buhun garara, na sa ciki. Na kuma jiƙa gindin kular don ta riƙa ɗiga. Daga nan na shiga wasa. Ina tafe ina tangaɗi, ina nishi, ina cewa, "Wayyo wuyana, ku kauce, kaya ne!" In na iso sai na kira yaran mota biyu su sauke ni. Ɗayansu ya taɓa cewa, "Kai, yau ƙanƙarar ta kama da kyau," na ce, "Kamar dutse." Wani lokaci har in yarfe hannu ina hura shi wai sanyi ya kama mini yatsu. Inna takan harare ni ta ce in rage, ni kuwa in ƙara.

Kafin a jima labari ya cika tasha cewa Hajo mai firigo, wato Inna, ta sayi injin wuta ta ɓoye a ɗaki. Wasu suka ce manyan mutane ke saye tun asuba, shi ya sa ba a samu. Mu kuwa a gida tuwo ya koma sau ɗaya, miya ba mai, saƙon Abijan ya yi wuyar zuwa. Inna ta sayar da zannuwanta biyu can kasuwar Kore Mairuwa inda ba a san ta ba.

Ana cikin haka matar maƙwabcinmu Malam Nasiru ta haihu. Malam Nasiru saurayin ɗan kasuwa ne mai kanti a bakin titi, mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ko a wasa ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba. Bayan suna ya yi sallama a ƙofarmu da cinyar rago a leda. A unguwa haka ake yi, mai firigo ba ya hana maƙwabci ajiya. Ya ce, "Inna Hajo, a sa mini wanga, mai jego ta riƙa ci kaɗan-kaɗan." Na kalli Inna, na ce yau kam asiri ya tonu. Sai na ji ta ce, "Ba komi, ɗana, kawo."

Ni aka aika da cinyar ta bayan gari, cikin kwando an rufe da ganye, zuwa gidan Alhaji mai pano. Ya karɓa, amma sai da ya yi murmushi irin na wanda ya tsinci abu. Ya ce, "Ashe firigon naku barci yake. Ki ce wa uwarki ina saye. Ni ina da wutar da zan ba shi." Daga ranar, duk lokacin da na je yanko wa mai jego nama, sai ya maimaita. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Amma na fara ganin ta tana shiga ɗakin Hajiya tana daɗewa, kuma gero ya kusa ƙarewa. Na san in ba wani abu ya shigo ba, amalanken da ya kawo Hajiya zai dawo ya ɗauke ta, mu koma gidan da ba sana'a.

Sai aka yi shela cewa wani puroje, wato shirin agaji, zai ba da tallafi ga waɗanda aikinsu ya tsaya saboda rufe iyaka. Wani direba da ya taɓa zama ƙasar Turawa ya ce can haka ake yi, in aikinka ya mutu hukuma ta riƙa biyanka kana kwance, sunansa kuɗin shomaji. Nan take tasha duka ta zama ta marasa aiki. Har wanda ke cikin lodin buhu ya ajiye ya ce shi ma shomaji yake. Aka ce za a taru a tasha, jama'a da kansu su shaidi wanda ya cancanta.

Da dare ya yi na ce, "Inna, wanga kuɗi namu ne. Wa ya fi mu rashin aiki?" Ta ce, "In an samu, Hajiya ta zauna."

Ranar taron aka shimfiɗa tabarmi kusa da bedinmu. Wata Madam matashiya mai tabarau ta zo da abokan aikinta, Baba Gado ya zauna kusa da ita a kujera. Ana kiran mutum ya tashi ya faɗi halinsa, a tambayi jama'a. 'Yan dako suka wuce, yaran mota suka wuce, wani mai gadin sito da aka sallama ya wuce. Sai Inna ta miƙe. Muryarta ta yi ƙasa har sai da Madam ta ce ta ƙara.

Ta ce, "Ni ma aikina ya tsaya."

Wallahi dariyar da aka yi har tsuntsayen bedi suka tashi. Zali ta buga cinya ta ce, "Hajo, ki ji tsoron Allah! Ke da kayanki ke ƙarewa tun da safe?" Yaron motar nan ya ce, "Ni nake sauke kular kullum, bayana har ciwo yake." Wani ya ce ya ga Balki tana kuka da sanyin yatsu. Duk wasan da na yi sai da aka kawo shi shaida, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina ji.

Madam ta ce a yi shiru, ta tambaya ko akwai maƙwabcinta a wurin. Malam Nasiru ya tashi, ransa ba daɗi. Ya ce, "Inna Hajo uwa ce gare ni, amma an tambaye ni, ba ni ɓoye gaskiya. Namana shina cikin firigonta yanzu haka. Jiya ma anka kawo mini yanki da sanyinsa." Ya zauna yana kallon ƙasa. Maganar Malam Nasiru kuwa a Dutsi ba a ƙara mata gishiri.

Inna tana tsaye. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Balki, buɗe."

Na ce a hankali, "Inna, bulon..."

Ta ce, "Na ce ki buɗe."

Na kwance robar taya. Ban taɓa sanin roba tana da tsawo haka ba, na yi ta warwara kamar ba za ta ƙare ba. Na ɗaga murfi, na yaye buhu. Ga bulo kwance a tsakiya, busasshe, har da gizo-gizo a raminsa. Wani ƙaramin yaro ya leƙa ya kwarma ihu, "Bulo ne! Bulo suke saidawa!"

Na yi zaton za a sake dariya. Da an yi da ya fi sauƙi. Manya suka kawar da kai, Zali ta shiga gyara itacen murhunta da ba abin da ya same shi, yaron mota ya sa hannu a baya yana shafawa. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige har da kular. Inna ta faɗi sauran da bakinta, har inda naman yake kwana. Malam Nasiru ya dafe kai yana salati.

Madam ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Inna, na yarda da ke. Amma bari in tambaye ki. Wa kike yi wa aiki?"

"Kaina."

"To wa ya sallame ki?"

Inna ta ce, "Wuta."

Madam ta ce, cikin ladabi, tallafin na waɗanda aikinsu ke hannun wani ne aka ce su tafi. Mai sana'ar kansa ba ya ciki, domin ba wanda ya kore shi, kuma ba a iya cewa ga ranar da aikinsa ya tsaya. Ta ce ba ita ta tsara ba.

Inna ta ce, "To in na sallami kaina fa?"

Na yi wuf na ce, "Madam, ni ce ma'aikaciyarta! Inna, kore ni. Kore ni yanzu gaban shaidu!"

Madam ta danne dariya ta ce, "Tana biyanki albashi?"

Inna ta ce, "Tuwo."

Madam ta ce ɗiyar gida ba ma'aikaciya ba ce, balle 'yar lakwal. Sannan ta ƙara wadda ta fi zafi: ko a tallafin gidaje marasa ƙarfi, gidan da ke da firigo ba a sa shi, don ana lissafa firigo cikin dukiya. Inna ta ce, "Ko ba ya aiki?" Ta ce ko ba ya aiki. Daga bayan taro na ji muryar Alhaji mai pano yana cewa, "Ai da ta saida shi da ta shiga." Madam ta ce ƙila, in an sake zuwa.

Ke nan mun tona kanmu gaban tasha duka a banza. Na mai da murfi, na sunkuya zan ɗauki kula mu gudu, sai Baba Gado ya ce, "Dakata, ɗiyata. Miƙo mini abin nan." Na fiddo bulon na ba shi. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya taka har gindin bedi ya ajiye shi daidai inda Inna ke zama. Ya ce, "Wanga bulo ya fi direbobina zuwa aiki, bai taɓa makara ba. Shi za ya tsare wurin har wuta ta dawo. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa." Ya kalli Zali, Zali ta kalli awararta. Sannan ya juyo wurin Inna ya rage murya, amma na ji. Ya ce, "Hajo, da kin faɗa mini tun ranar farko, da tun ranar na ajiye dutse. Kin zauna rana da yunwa kina gadin abin da ba a ce za a ƙwace ba."

Wannan maganar ta fi buɗe kular ciwo.

Da la'asar Malam Nasiru ya yi sallama. Shi da Inna kowa na jin kunyar kowa, suka yi ta gaisuwa ba mai kallon wani, har na ɗauka za su kai magariba a kan ina gajiya. Ya nemi ya biya abin da aka kashe wurin ajiyar namansa, Inna ta ce ko kusa. Da zai tafi ya ce gonar mahaifinsa ta hanyar Tibiri wake ya nuna, suna neman masu roro, da wake ake biya. Ya faɗa yana kallon bango, kamar da bangon yake.

Washegari Alhaji mai pano ya turo amalanke da yaransa. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya ta ce su gaida Alhaji, ya bari sai bayan kaka.

Mun yi roron wake, ni a ranakun da ba lakwal, Inna kullum. Hajo mai firigo, wadda ake gaishe ta daga cikin mota, ga ta duƙe a gonar maƙwabci tare da matan ƙauye, suna tambayarta ko ita ce mai bulo. Labarin ya riga mu isa. Bayan wake muka yi sussukar gero a gidajen mutane. Hannuna da ya saba da sanyi ya yi kanta, bayana ya lanƙwashe har na fara gaida mutane ba da niyya ba. A lakwal kuwa suna ya bi ni, ko malami ya kira Balkisa sai wani daga baya ya ce, "Ta ƙare!"

Waken da muka samu a cikin Hajiya muka zuba shi. Ashe ba rumbun da ya kai firigo, ɓera ba ya shiga, ƙwaro ba ya shiga. Da Alhaji ya sake turo yaransa bayan kaka, Inna ta ɗaga musu murfi suka ga wake har baki. Ta ce su gaya masa Hajiya ta samu wani aikin. Wake da gero muka ci har sanyi ya wuce, safe wake, dare wake, har Lawali ya ce in ya yi tari wake ke fitowa. Kuɗin shomaji kuwa ba mu taɓa ganin kalarsa ba, kuma har yau in aka yi shelar tallafi Inna takan ce mu masu sana'a ba a san da mu ba sai ranar karɓar haraji.

Gab da azumi wuta ta dawo da zamanta. Muka kwashe sauran waken, muka wanke Hajiya, Inna ta yi bisimilla ta sa waya a bango. Da firigon ya yi ƙugin nan nasa, sai da Lawali ya yi rawa. Ranar da na kai kula tasha da ƙanƙara ta gaske, ban yi nishi ba, ban yi tangaɗi ba, na tafi sumul kamar mai ɗauke da auduga, ko da yake wuyana kamar zai karye. Bulo yana nan inda aka ajiye shi. Inna ta shimfiɗa buhu a kansa ta zauna, kuma har yau shi ne kujerarta.

Kafin la'asar kaya suka ƙare ƙaf, zafin azumi ba wasa. Sai ga wani tsohon direba, mai sayenmu tun da, ya zo yana haki ya ce a ba shi biyu. Na ce, "Ayya Baba, ta ƙare."

Ya tsaya ya kalle ni, ya kalli Inna. Ya ce, "Buɗe in gani."

Na juya wurin Inna ina jiran ta yi masa faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Buɗe mishi."

To kai mai kunnuwan faifai, ka ji abin da ke cikin ruwan famfo da sanyin firigo. In kana son ka gani da idonka, ka zo tasha gindin bedi da yamma. A duk masu ƙanƙarar Dutsi mu kaɗai ne in mun ce ta ƙare sai mun ɗaga murfi.